Tseren Da Ya Tsufa Tare Da Masu Kallonsa: Tarihin NASCAR A Talabijin

A shekarar 2016 aka kammala gyaran filin tseren motoci na Daytona da ke jihar Florida a Amurka, aikin da ya lashe kimanin dala miliyan 400. Da aka buɗe ƙofa, filin da a da yake ɗaukar mutum wajen 147,000 ya koma na mutum 101,500. An faɗaɗa kujeru, an ƙara wuraren cin abinci, amma an rushe rumfar 'yan kallo ta ɓangaren baya ɗungurungum. Filayen Charlotte da Talladega da Dover da Michigan su ma sun cire dubban kujeru a waɗannan shekaru, domin kujerar da babu kowa a kanta tonon asiri ce a gaban kyamara.

Duk waɗannan filaye na tseren NASCAR ne, ƙungiyar da ke shirya tseren motoci masu kama da waɗanda ake saye a kasuwa, akasarinsa a kan hanya mai siffar ƙwai da ake zagayawa sau ɗaruruwa. Akwai lokacin da ake cewa bayan ƙwallon Amurka ta NFL babu wasan da ya kai shi masu kallo a talabijin ɗin ƙasar. Babban tserensa na shekara, Daytona 500, ya tara mutum miliyan 19.4 a gaban talabijin a 2006. A 2021, da ruwan sama ya tsayar da shi na sa'o'i, bai kai miliyan biyar ba. A 2023, ba tare da wani uzurin ruwa ba, ya tsaya a wajen miliyan takwas.

Akwai kuma adadin da ya fi waɗannan tayar wa masu wasan hankali. Wani nazari da mujallar Sports Business Journal ta buga a 2017 ya nuna cewa matsakaicin shekarun mai kallon NASCAR a talabijin ya tashi daga 49 a 2006 zuwa 58 a 2016. Shekara tara cikin shekara goma. Wato kusan mutanen nan ne dai suke zaune a gaban akwati suna tsufa, kuma ba a samu na baya da za su maye gurbinsu ba.

Daga duwatsu zuwa bakin teku

Asalin wasan yana cikin duwatsun Appalachia a kudancin Amurka. Daga 1920 zuwa 1933 doka ta haramta sayar da barasa a ƙasar, kuma ko bayan ɗage dokar, manoman yankin sun ci gaba da dafa tasu a ɓoye don gudun haraji. Samarin da ke fasa-ƙwaurinta cikin dare suna buƙatar mota wadda a ido ba ta da bambanci da ta kowa, amma injinta ya fi na 'yan sanda gudu. A ƙarshen mako sai su haɗu a wani fili na jar ƙasa su gwada wa ya fi wani.

Wani makanike mai suna Bill France ne ya tara direbobi da masu shirya tsere a otal ɗin Streamline da ke Daytona Beach a watan Disamba na 1947, aka kafa NASCAR a watan Fabrairu na 1948. Har yau iyalansa ne ke riƙe da ita. Ɗaya daga cikin gwarazan farko, Junior Johnson, mutumin gundumar Wilkes a Carolina ta Arewa, ya yi wata goma sha ɗaya a gidan yari bayan an kama shi a madafar barasar mahaifinsa a 1956. Ya fito ya ci gaba da tsere har ya ci sau 50.

Abin da ya ɗaure wasan da jama'arsa shi ne motar kanta. Mai aikin masaƙa ko manomin taba yana kallon Ford ko Chevrolet irin wadda ya ajiye a ƙofar gida tana gudu a fili, kuma ya san abin da ke cikin injinta domin da hannunsa yake gyara tasa. Kamfanonin mota sun gane haka, har suka yi karin maganarsu cewa motar da ta ci tsere ranar Lahadi ita ake saye ranar Litinin. Uba kan tafi fili da ɗansa, ɗan ya tashi yana son direban da ubansa ke so, ko kuma ya zaɓi abokin hamayyarsa don a samu abin gardama a gida. Ta haka son wasan ya zama gado.

Taba da dusar ƙanƙara

Abubuwa biyu suka fitar da NASCAR daga kudu. Na farko kuɗin taba. A farkon 1971 aka hana tallar sigari a talabijin da rediyo a Amurka, kamfanin R.J. Reynolds ya wayi gari da maƙudan kuɗin talla ba wurin kashewa. Junior Johnson ya je neman su ɗauki nauyin motarsa, da ya ga girman abin da ke hannunsu sai ya haɗa su da Bill France. Gasar ƙoli ta ɗauki sunan sigarin Winston, ta riƙe shi har 2003.

Na biyu ya faru ne ranar 18 ga Fabrairu, 1979, ranar da tashar CBS ta fara nuna Daytona 500 kai-tsaye daga farko har ƙarshe. Aka yi dace dusar ƙanƙara ta rufe garuruwan gabashin ƙasar, miliyoyin mutane suka maƙale a gida a zamanin da manyan tashoshi uku ne kawai. A zagayen ƙarshe Cale Yarborough da Donnie Allison, waɗanda ke kan gaba, suka yi karo suka ƙare a cikin ciyawa. Richard Petty ya zo daga baya ya ci. Kyamara ta juya ta kamo Yarborough yana dambe da Donnie da yayansa Bobby. Washegari Amurka duka ta san akwai wani abu wai shi NASCAR.

Daga nan abin ya yi ta hauhawa. Tashar ESPN ta fara nuna tseren a 1981. A 1994 aka shiga filin Indianapolis mai tarihi, mutum sama da 250,000 suka halarta, wani matashi haifaffen Kalifoniya, Jeff Gordon, ya ci. Hamayyarsa da Dale Earnhardt, ɗan kudu mai baƙar mota lamba uku, ta raba kan masu kallo gida biyu. A 1999 NASCAR ta sayar da haƙƙin nuna gasarta a dunƙule ga Fox da NBC da TNT kan dala biliyan 2.4 na shekara shida. Tseren farko a ƙarƙashin wannan yarjejeniya, ranar 18 ga Fabrairu, 2001, shi ne wanda Earnhardt ya daki bango a zagayen ƙarshe ya mutu. Mutuwarsa ta tilasta gyare-gyaren tsaro da suka sa har yau babu direban da ya sake rasa ransa a gasar ƙoli. Ta kuma jawo hankalin mutanen da ba su taɓa kallon tsere ba.

Barin gida

A tsakiyar wannan annashuwa aka yanke shawarwarin da ake biyan kuɗinsu yanzu. Shugabannin wasan sun ɗauka cewa ɗan kudu ba zai taɓa tafiya ba, saboda haka hankali ya koma kan manyan birane. Gasar ƙoli ta shiga sababbin filaye a Texas da Kalifoniya a 1997, Las Vegas a 1998, kusa da Miami a 1999, Kansas da kusa da Shikago a 2001. Yawancinsu masu tsawon mil ɗaya da rabi ne, ƙira kusan iri ɗaya, inda motoci kan warwatsu su yi ta bin juna ba gogayya.

Ranakun tsere ƙidayayyu ne, don haka sai da aka ƙwace daga tsofaffin filaye. North Wilkesboro, filin garin su Junior Johnson da ke cikin gasar tun 1949, ya yi tserensa na ƙarshe a 1996 aka bar shi ciyawa ta cinye. Rockingham ya bi sahu a 2004. A wannan shekarar kuma aka ɗauke tseren hutun ma'aikata na farkon Satumba daga Darlington, inda ake yinsa tun 1950, aka kai shi Kalifoniya. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sai aka taɓa yadda ake cin kambu. A 2003 Matt Kenseth ya zama zakara da nasara ɗaya tak, alhali Ryan Newman da ya ci takwas ya ƙare na shida. Sabon shugaba, Brian France, jikan wanda ya kafa ƙungiyar, ya kawo tsarin da ke sake lissafin maki idan saura tsere goma. Aka gyara tsarin a 2007, aka sake a 2014 ya zama na fitarwa mataki-mataki har a rage mutum huɗu a tseren ƙarshe, sannan a 2017 aka yayyanka kowane tsere zuwa zanguna. A 2020 Kevin Harvick ya ci tsere tara amma bai ma shiga cikin huɗun ƙarshe ba. Tsohon mai kallo ya ga an mayar da wahalar shekara guda caca, sabon kuma ya kasa gane lissafin.

Motar ma ta canja. Wadda aka fito da ita a 2007 ta fi tsaro, sai dai Ford da Chevrolet da Dodge da Toyota duk suka zama siffa ɗaya, fenti da tambari kawai suka raba su. A 2008 tayoyi suka yi ta fashewa a Indianapolis har sai da aka riƙa tsayar da tsere kusan bayan kowane zagaye goma, filin bai ƙara cika kamar da ba.

Abin da ya fi ƙarfin kowa

Adalci ne a faɗi cewa ba duka laifin shugabanni ba ne. Karyewar tattalin arziƙi ta 2008 ta fi dukan masu aikin ƙarfi, waɗanda su ne ke tuƙa ɗaruruwan kilomita su kwana uku a filin tsere. General Motors da Chrysler suka durƙushe a 2009, Dodge ta fice daga gasar bayan 2012. Masu ɗaukar nauyi suka janye: ƙungiyar Furniture Row ta ci kambu a 2017, ta rufe a ƙarshen 2018 saboda rashin kuɗi. Taurarin da aka sani suka yi ritaya a jere, Gordon a 2015, Tony Stewart a 2016, Dale Earnhardt ƙarami a 2017.

Dangantakar matashin Amurka da mota ita ma ta sauya. Binciken Jami'ar Michigan ya nuna cewa a 1983 kashi 46 cikin ɗari na 'yan shekara 16 suna da lasisin tuƙi, a 2014 kuwa ƙasa da kashi 25. Motar zamani kwamfuta ce ke sarrafa ta, ba a kwance ta a ƙofar gida. NASCAR kuwa ta ci gaba da amfani da kafireto har 2011, shekara ashirin bayan motocin kasuwa sun rabu da shi. Ƙari a kan haka, daga 2015 aka mayar da tsere da yawa tashoshin kebul na biya, a daidai lokacin da matasa ke yanke kebul ɗin. Tsere ɗaya yana cin sama da awa uku, kuma goman ƙarshe na kakar suna karo da wasannin NFL na ranar Lahadi.

Akwai kuma waɗanda tun farko ba su ji ana maraba da su ba. Wendell Scott, baƙar fata na farko da ya ci tsere a gasar ƙoli, ya yi nasara a Jacksonville a watan Disamba na 1963, amma wani aka miƙa wa kofi a gaban jama'a. Tutar jihohin kudu da suka yi yaƙin kare bauta ta ci gaba da kaɗawa a filaye har zuwa Yunin 2020, lokacin da aka haramta ta bayan kiran direba Bubba Wallace.

Kuɗi na hawa, masu kallo na sauka

Abin mamaki, kuɗin bai bi masu kallo ƙasa ba. Yarjejeniyar 2015 zuwa 2024 ta kai dala biliyan 8.2 na shekara goma. Ta 2025 zuwa 2031, wadda Amazon da TNT suka shigo cikinta tare da Fox da NBC, ta kai biliyan 7.7 na shekara bakwai, wato ƙari a kowace shekara, duk da cewa matsakaicin masu kallon tsere ɗaya ya faɗo ƙasa da miliyan uku. Dalili shi ne wasanni na cikin 'yan abubuwan da suka rage da mutane ke kallo kai-tsaye tare da tallarsu. Wannan kuɗi ya ba ƙungiyar numfashi, ya kuma rufe mata zurfin ramin na tsawon lokaci.

Yanzu ana gyara ta fuska biyu. Ana neman sababbi: tsere a filin wasa na Los Angeles a 2022, a kan titunan Shikago a 2023, a birnin Meziko a 2025, da shiri a Netflix a 2024, bayan an ga yadda irin wannan shiri ya jawo wa gasar Formula 1 matasan Amurka tun 2019. Tsere biyar da Amazon ta nuna ta intanet a 2025 sun samu masu kallo da matsakaicin shekarunsu ya kai wajen 56, yayin da na talabijin ya haura 60. Ana kuma lallashin na da, domin da tsohuwar zuma ake magani: Darlington ya karɓi ranarsa a 2015, North Wilkesboro ya farfaɗo a 2023 da tallafin dala miliyan 18 daga gwamnatin jihar.

Fili ana iya sake masa kwalta cikin wata shida. Yaron da ya tashi a Wilkes tsakanin 1996 da 2023 kuwa bai taɓa riƙe hannun ubansa ya shiga filin garinsu kallon manyan direbobi ba, kuma yau shi ne uban da ake jira ya kawo nasa ɗan. Yarjejeniyar talabijin ta yanzu za ta ƙare a 2031. A wannan shekarar, mai kallon nan da aka ƙiyasta yana da shekara 58 a 2016 zai cika 73.