Yadda Masu Adana Takardu Suka Haɗa Kai a kan Rajista

Duk wanda ya taɓa shiga ofis neman tsohuwar takarda, ta gona ko ta gida ko ta gado, ya san abin da a ke nufi in akawu ya ce, "Malam, tana nan, amma sai an duba." Sau da yawa gaskiya ya faɗa. Takardar tana cikin ɗakin, gara ba ta ci ta ba, ruwa bai taɓa ta ba, amma ba wanda ya san a wane ƙunshi ta ke. To, ga mai nema, da takardar da ba a san wurinta ba da wadda ta ƙone duk ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne rajista, watau littafin da a ke rubuta sunan kowace takarda, da wanda ya rubuta ta, da shekararta, da kantar da aka ajiye ta. Labarin wannan littafi za mu bi, da na mutanen da ke riƙe da shi, har zuwa zamanin da ya koma cikin kwamfuta.

Malamanmu ba baƙi ba ne ga wannan aiki, su suna ce masa fihirisa. A Bagadaza, wajen shekara ta 987, wani mai sayar da littattafai, Ibn Nadim, ya tsara sunayen littattafan Larabci da ya gani ko ya ji labarinsu, da sunayen mawallafansu. Da yawa daga cikin littattafan nan sun salwanta tun tuni, da ba don fihirisarsa ba, da ko sunansu ba mu ji ba.

Amma gidan adana takardun mulki irin wanda mu ka sani yau, wanda talaka ke da ikon shiga ya ce a nuna masa, a Faransa ya soma. Bayan da mutanen ƙasar su ka yi juyin mulki, sai su ka kafa gidan takardu na ƙasa cikin 1790, cikin 1794 kuma aka yi doka cewa ɗan ƙasa yana iya zuwa ya duba. Aka yi ta kwaso takardu daga fadoji da majami'u da kotuna, tuli a kan tuli. Ma'aikatan farko su ka ga dabara ita ce a rarraba su bisa ga abin da su ke magana a kai, na haraji wuri ɗaya, na shari'a wuri ɗaya, na yaƙi wuri ɗaya. Ga ido abin ya yi kyau, amma ɓarna ce. A ce hakimi ya rubuta wa sarki wasiƙa a kan rikicin iyaka, sarki ya amsa, alkali ya yi hukunci, aka ɗaure duka ukun da zare ɗaya. In ka kwance zaren ka kai kowace wani ɗaki, ka kashe labarin, domin wasiƙar ba ta da ma'ana sai da amsarta.

Cikin 1841 aka gyara. Bisa shawarar wani masani, Natalis de Wailly, hukuma ta ba da umurni cewa takardun da su ka fito daga ofis ɗaya, ko gida ɗaya, ko mutum ɗaya, a bar su tare, kada a cuɗa su da na wani. Cikin 1898 waɗansu mutum uku na ƙasar Holan, Muller da Feith da Fruin, su ka wallafa littafi mai ƙa'ida 100 a kan wannan aiki, su ka ƙara da cewa har jerin da mai takardun ya yi musu tun asali a kiyaye shi. Aka fassara littafin cikin harsuna da dama, ya zama abin koyi.

Wannan ƙa'ida ta iso ƙasarmu. Dokta Kenneth Dike ya zaga ofisoshin Nijeriya daga 1951 yana duba halin da tsofaffin takardu ke ciki, bisa rahotonsa aka buɗe ofishin adana su a Ibadan cikin 1954, aka yi masa doka cikin 1957, aka kuma buɗe rassa a Inugu da Kaduna. Wanda ya je na Kaduna zai tarar an jera fayiloli bisa ga inda su ka fito: na ofishin Razdan na Lardin Kano suna ƙarƙashin KANOPROF, na Sakkwato SOKPROF, na Zariya ZARPROF. Ba haka kawai aka yi ba, umurnin nan ne na 1841 ya biyo hanya mai nisa.

Sai dai yarda da ƙa'ida daban, yadda za a rubuta rajistar daban. Kowane gida da nasa salo. Wani ya fara da shekara, wani da suna, wani ya auna takardunsa da yawan akwatuna, wani da tsawon kanta. Ran 9 ga Yuni 1948 aka kafa majalisar masu adana takardu ta duniya a Faris, ƙarƙashin inuwar UNESCO, ta yi babban taronta na farko cikin 1950. Duk da haka sai da aka shekara fiye da 40 kafin a daidaita a kan tsari guda. Cikin 1994 majalisar ta fitar da ƙa'idar da a ke kira ISAD(G). Gurabu 26 ta tsara da za a cike game da kowane tarin takardu, amma 6 daga ciki su ne wajibi in za a yi musayar bayani da wani gida: lamba, suna, wanda ya tara takardun, shekaru, yawansu, da matsayinsu, watau ko tarin ne gaba ɗaya a ke bayani ko fayil guda. Akawun kirki zai ce ai duk ya san waɗannan. Gaskiya ne. Wahalar ba sanin ba ce, a sa mutum dubu su rubuta su iri ɗaya ita ce wahalar.

Abin da ya tilasta daidaitawar kuwa kwamfuta ce. Mutum yana iya karanta rajistar da aka rubuta a karkace ya gane nufin mai ita, na'ura ba ta iyawa. Ita ba ta yin kome sai da manhaja, watau jerin umurni da gwanaye ke rubutawa a ɗura mata, a ce in an ba ki kaza ki yi kaza. Da farko kamfanoni ke sayar da irin wannan, da tsada, su kulle asirinta. Ga haɗarin: gida ya shekara goma yana zuba rajistarsa cikin manhajar kamfani, ran nan kamfanin ya rushe ko ya ninka kuɗi, rajista tana ciki, mabuɗi yana hannun wani. Kayan aro ba ya rufe katara.

UNESCO ta yi ƙoƙari a nan. Cikin 1985 ta fitar da CDS/ISIS ta ƙananan kwamfutoci, tana ba da ita kyauta, ɗakunan karatu da gidajen takardu na Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu su ka karɓa hannu bibbiyu. Masu aiki da ita su ka kafa ƙungiyoyi ƙasa ƙasa suna koya wa juna, har su ka yi taron duniya a Bogota ta ƙasar Kolombiya cikin 1995. Amma ragamar tana hannun hukuma ɗaya. Da hukumar ta sassauta hannu, sai gyara ya yi wuya, gidaje da yawa su ka shiga neman inda za su ƙaura da rajistarsu.

A Amurka an sha irin wannan ɗaci ta wata hanya, kuma a nan ne labarin ya fi ba da sha'awa. Cikin 2006 manhajoji biyu su ka fito, duka kyauta, duka asirinsu a buɗe, kowa na iya dubawa ya gyara. Ɗaya sunanta Archivists' Toolkit, jami'o'in New York da San Diego na cikin waɗanda su ka yi ta. Ita ta fi ƙarfi wajen aikin cikin gida: wa ya kawo takardu, yaushe, bisa wane sharaɗi, a wace kanta aka sa. Ɗayar sunanta Archon, daga jami'ar Illinois, ita kuwa ta fi gwaninta wajen nuna wa mai nema rajistar ta intanet yana zaune a gidansa. Gidaje da yawa su ka ɗauka. Ba a daɗe ba sai tambaya ta taso, wa zai ci gaba da ciyar da su? Manhaja ba kamar littafi ba ce da za a buga a ajiye a kanta. Kamar ginin ƙasa ta ke, kowace shekara tana son yaɓe, domin kwamfutocin da ta ke zaune a kai kullum sakewa su ke yi. Ga kuɗin tallafi yana da ranar ƙarewa, ga jami'a ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin kowa har abada.

Saboda haka daga 2009 aka shiga shawarar haɗa su. Gidauniyar Mellon ta ba da kuɗi, jami'o'in nan uku su ka yi aikin, cikin Satumba 2013 aka fitar da ArchivesSpace, aka daina raya biyun na farko. Abin lura ba manhajar ba ce, tsarin riƙonta ne. Aka ce kowa na iya ɗauka kyauta, ba sai ya nemi izini ba. Amma gidan da ke son a ji muryarsa sai ya shiga ƙungiya, ya riƙa biyan kuɗi kowace shekara gwargwadon girmansa, babba da yawa, ƙarami kaɗan. Da kuɗin a ke biyan masu gyara. Aka danƙa wa wata ƙungiya mai suna Lyrasis riƙon ofis da lissafi, aka naɗa majalisar gudanarwa, da majalisar masu aiki da manhajar, da ta gwanayen na'ura. Ɗaruruwan gidaje su ka shiga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ita ma majalisar duniya ba ta zauna ba. Ta haɗa kai da wani kamfani na Kanada, Artefactual Systems, aka yi wata manhaja bisa ƙa'idar nan ta 1994, aka nuna ta a babban taron majalisar a Kuala Lumpur cikin 2008. Yanzu AtoM a ke ce mata. An gina ta yadda za ta yi aiki da harsuna da yawa, masu sa kai ne ke fassara ta. Cikin 2017 masu aiki da ita su ka yi zaman koyon juna na 'yan kwanaki a jami'ar Simon Fraser da ke Bankuba, cikin 2018 kuma aka kafa gidauniya don masu amfani da ita su sami ta cewa a kan inda za ta dosa.

To, me a ke yi a irin wannan taro? Wanda ya zaci za a yi ta jawabai masu nauyi zai sha mamaki. Galibi ƙananan abubuwa ne, irin waɗanda ke hana akawu barci. Wannan ta tashi ta nuna yadda gidansu ya kwashe tsohuwar rajista ya zuba a sabuwa, da inda shekaru su ka rikice a hanya, don kada na baya ya faɗa ramin. Wancan ya ce sunan mutum guda ya shiga rajistarsu da rubutu iri uku, yaya za a haɗe su ba a ɓata ba? Mu da ke rubuta Muhammadu da Mamman da Muhamman ga mutum ɗaya mun san wannan ciwo. Wani ya kawo ƙarin da ya rubuta wa manhajar don buƙatar gidansu, ya ce duk mai so ya ɗauka. Sa'an nan a zo kan buƙatu, kowa da abin da ya ke so a ƙara, ga masu gyara kaɗan ne, dole a jera, a ce wannan tukuna, wancan sai baɗi. Masu rubuta manhajar suna zaune suna ji daga bakin masu aiki da ita, ba ɗan aike a tsakani.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ba shi da aibi. A ganina, inda a ke biyan kuɗi, muryar mai babban aljihu ta kan fi tashi, ko da an rantse ba haka a ke nufi ba. Yawancin gidajen da ke cikin ƙungiyar ArchivesSpace na Amurka ne, buƙatunsu ke gaba. Kalmar kyauta kuma tana da ruɗi. Ba a sayar maka da manhajar ba, amma kai za ka nemi kwamfutar da za ta zauna, da wutar da ba ta yankewa, da ma'aikacin da ya san kanta, ka kuma riƙe shi kada wani ya fi ka albashi ya ɗauke. Kuɗin jirgi zuwa taro ma ba kowane gida ke da shi ba, ko da ya ke tun wajen 2019 an soma yin waɗansu tarurrukan ta intanet, wannan ya rage nisa.

Har wa yau, na'ura ba ta buɗe ƙunshi. Sai mutum ya zauna ya kwance zare, ya kaɗe ƙura, ya karanta rubutun Razdan ko ajamin alkali, ya gane wa ya rubuta, ga wa, a wace shekara, kafin ya sami abin da zai cike gurabun nan 6. A wurare da yawa, har a ƙasashe masu arziki, akwai akwatunan da aka karɓa shekaru da dama ba a kai ga buɗe su ba. Cikin 2005 waɗansu Amurkawa biyu, Greene da Meissner, su ka ba da shawara a rage ƙawa, a rubuta bayani a taƙaice a kan tarin gaba ɗaya don mai nema ya san yana nan, maimakon a tsaya ana cire ƙusar kowane fayil. Wasu su ka ce sakaci ne, wasu su ka ce hankali ne, gidaje da yawa kuwa su ka bi shawarar.