Tarihin Tsohon Babur Na Daji: Daga Ingila Zuwa Hamadar Tenere

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar makanikan babura na unguwarmu da la'asar, ya san musun da ba ya ƙarewa tsakanin dattawa da samari. Dattawa su ce babur na da ƙarfe ne, na yanzu kuwa gwangwani. Samari su yi dariya su ce ai tsohon yayi ne kawai. To, wannan musu ba mu kaɗai ke yin sa ba. A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke bin kango-kango suna sayen tsofaffin baburan daji, su gyara su, su hau, har su yi tsere da su. Shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo tarihin irin wannan babur, musamman da yake wani ɓangare na labarin a ƙasar Azbin ya faru, inda da yawa daga cikinmu ke da dangi.

Mafarin abin

Babur ɗin daji shi ne wanda aka ƙera don bin inda babu kwalta: taɓo, rairayi, duwatsu da kwazazzabai. Ana gane shi da tsawon ƙafa, da tayoyi masu manyan haƙora, da salansa da aka ɗage sama don kada ta bugi dutse. Tsere da shi ya samo asali ne a Ingila, inda aka yi na farko da tarihi ya riƙe a garin Camberley cikin 1924. Baburan wancan lokaci na titi ne masu nauyi, bayansu ko shokozoba babu, duk ramin da aka faɗa sai ya ƙare a ƙugun mahayi. Daga nan wasan ya ƙetara Faransa da Beljiyam, aka raɗa masa suna motokuros, kuma a 1957 aka mai da shi gasar duniya.

A shekarun 1960 sai Husqvarna ta Suwidin da CZ ta Cekosulobakiya suka fito da babura marasa nauyi, masu injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, suka ture manyan baburan Ingila irin su BSA. Ba a jima ba Japanawa suka shigo. Yamaha ta fito da DT-1 a 1968, babur mai araha da mutum zai je aiki da shi ranar Litinin, ya shiga daji da shi ranar Lahadi. A 1970 kuma Joel Robert, ɗan Beljiyam, ya ci gasar duniya a kan Suzuki, karo na farko ke nan da babur ɗin Japan ya yi haka.

Jan gwarzon hamada

Amma babur ɗin da labarinmu ya fi shafa shi ne Yamaha XT500, wanda ya shiga kasuwa a 1976. Fistin ɗaya gare shi, girman injinsa sisi 499, ba ya son gaurayen mai, kuma iska ce ke sanyaya shi, saboda haka babu lagireto balle a ce ta fashe. Baƙin mansa a cikin bututun firam yake zama. Ba shi da sitata, sai kik. Tayar da shi ma sai wanda ya iya: akwai ɗan hannu da ake matsewa a rage ƙarfin iskar da ke cikin injin, da 'yar taga da ake leƙawa a ga inda fistin ya tsaya, sa'an nan a buga da ƙarfi ɗaya. Wanda ya yi ganganci, kik ɗin ya dawo masa, to ranar sai ɗingishi.

Cikin 1977 wani saurayi Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya hau irin wannan babur a tseren da ake yi daga Abijan zuwa garin Nice na Faransa. A can arewacin Nijar, wajen iyakar Libiya, ya saki hanya ya ɓace. Ya yi kwanaki shi kaɗai cikin rana da ƙishirwa, har sai da jirgin sama ya hango shi aka ɗauko shi. Wani da ya tsira daga haka, ko sunan hamada ba zai so a ambata ba. Shi kuwa gogan naka sai ya koma gida da niyyar kawo wasu su ga abin da ya gani.

Ranar 26 ga Disamba, 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga birnin Faris. Suka bi ta Aljeriya, suka sauko Tamanrasat, suka shigo Agadas, suka wuce Yamai, Gawo da Bamako, suka ƙare a Dakar ranar 14 ga Janairu, 1979. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 10,000, kuma 74 kaɗai suka isa. Wanda ya zo na ɗaya, Cyril Neveu, a kan XT500 yake, kuma ya sake cinyewa da ita a 1980.

Me ya sa ta yi nasara? Ba don gudu ba, don akwai waɗanda suka fi ta. Tankinta na asali ko lita 10 ba ya ci, sai da mahaya suka sa aka ƙera musu manya. Abin da ya fisshe ta shi ne ƙarancin abin da zai lalace, kuma in ya lalace mahayi na iya gyarawa da kansa. Yawancin waɗanda suka shiga tseren farko ba 'yan kamfani ba ne, mutane ne da suka tara kuɗinsu. Mutum ya wuni yana fama da rairayi, dare ya yi ya kunna tocila, ya wanke matatar iska, ya ɗaure cen, ya duba fulogi, ya liƙe faci, kana ya ɗan runtsa. Duk makanikin da ke karanta wannan ya san aikin nan, domin shi yake yi kullum.

Tenere da abin da ta ci

A 1983 aka ratsa da tseren ta tsakiyar Tenere, hamadar da ayarin raƙuman Abzinawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna ketawa zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri da dabino, su kawo ƙasar Hausa su musanya da gero. Guguwar rairayi ta taso, 'yan tsere wajen 40 suka ɓace, Sabine ya yi kwana huɗu yana shawagi da jirgi mai saukar ungulu kafin a tattaro su duka. Sunan wurin ya bazu a duniya, kuma a wannan shekara ne sabon babur ɗin Yamaha XT600Z mai suna Tenere ya shiga kasuwa. Agadas ta zama babban zango, masu masauki da maƙeran azurfa da 'yan jagora suna samun ciniki. A 1997 ma daga Dakar aka tashi, aka zo Agadas, aka juya.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Tseren ya ci rayuka, kuma ba na masu tseren kaɗai ba. An sha kaɗe mutanen ƙauyuka, har da yara ƙanana da suka fito kallo a Mali, Gini da Senegal, waɗanda ba a shawarce su ba kafin a mai da hanyar garinsu filin sukuwa. Shi kansa Sabine ya mutu ranar 14 ga Janairu, 1986, lokacin da jirginsa ya faɗi a Mali, tare da mawaƙi Daniel Balavoine wanda ya zo aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. A 2005 Fabrizio Meoni na Italiya, wanda ya ci tseren sau biyu, ya faɗi da babur a Muritaniya ya mutu. Rashin tsaro ya sa aka soke na 2008, aka kai shi Kudancin Amurka a 2009, sa'an nan Saudiyya a 2020.

Da tsohuwar zuma ake magani

Tseren ya bar Afirka ta Yamma, amma baburan ba su mutu ba. Yamaha ta daina ƙera XT500 a 1989, duk da haka akwai ƙungiyoyin masu riƙe da ita a Faransa da Jamus. A Ingila ana tseren baburan da aka ƙera kafin 1965, a Amurka kuma ƙungiyar AHRMA na raba tseren tsofaffin babura aji-aji bisa shekarar ƙira, don kada mai shokozoba biyu da birkin ganga ya kara da na zamani.

Yadda suke farfaɗo da su ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A kwance babur tas, a kankare tsatsar tanki, a jiƙa kabureta a buɗe ƙofofinta da suka toshe, a rarake silinda a sa fistin da ringi masu ɗan girma, a canza robobin da suka bushe, a ɗaure sifok ɗaya bayan ɗaya har ƙafar ta daidaita. Abin da ya ɓace a kasuwa a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar. Bambancinmu da su, su don sha'awa suke yi, mu kuwa don neman abinci. Babur ɗin zamani mai kwamfuta a ciki, in ya tsaya sai an jona masa na'ura. Tsohon kuwa sifana da sukundireba da kunnen makaniki sun ishe shi.

Saboda haka muna kira ga iyaye, in yaro ya nuna sha'awar ƙarfe, a kai shi wurin ƙwararren maigida ya koyi injin ciki da waje, kada a tsaya ga iya murɗa totur. Samarinmu kuma masu wasa da babur ranar biki ko Sallah, suna ɗaga ƙafar gaba a cikin lungu, su tuna cewa waɗancan gwanaye da hular kwano da takalma masu tsawo suke hawa, kuma duk da haka hamada ba ta bar su ba. Lungunmu cike yake da yara da tsofaffi, kuma mu baƙi ne a garin mutane, laifin ɗaya kan shafi kowa.

Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.