Chari Maigumeri, Samanjan Yaƙi Biyu

Yau tarihin wani tsohon soja ɗan ƙasar Barno za mu waiwaya, wato Chari Maigumeri.

Yana saurayi ya shiga sojan Jamus a Kamaru. A shekarar 1915 Turawan Ingila suka ci garin Garwa, suka kama shi. Da aka ga jarumtakarsa, sai a 1917 aka ɗauke shi cikin rundunar Nijeriya, har ya kai muƙamin babban samanja. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yaƙi Italiyawa a Habasha, daga nan sai dazuzzukan Boma, inda aka gwabza da Japanawa. Ya yi ritaya a 1953 da girman kyaftin, kuma an sa wa barikin soja na Lakwaja sunansa.

To, shi an rubuta nasa. Dubban 'yan Boma fa, da matan da suka yi shekaru suna jira ba ko wasiƙa? Yawancinsu sun kwanta dama da labarinsu.

Don haka in da tsoho ko tsohuwa a gidanki, zauna ki tambaya, ki sa yara su rubuta. Allah Ya jiƙan magabata.