Yadda za ka gane lambar takalminka kafin ka fitar da kuɗi

Jama'a, duk lokacin da Sallah ta gabato ko aka shiga watannin biki, masu sayar da takalma suna ciniki sosai. Ango na neman sau ciki, malamin lekol na nema, haka ma yaron da aka kira ganawar neman aiki. Ga kuma ƴan uwanmu da ke Aljeriya, Libiya, Saudiyya, Faransa, Amurka ko Abijan, waɗanda ke son aiko wa baba ko ƙane tsaraba. Sai dai sau da yawa takalmin in ya iso, ko dai ya matse ko ya yi yawa, a ajiye shi ƙarƙashin gado, kuɗi sun tafi. Mun tattaro muku abin da ya kamata a sani kan wannan batu, don mai ƙaramin ƙarfi ya saya sau ɗaya ya huta.

Maganar a taƙaice ita ce: lambar da aka buga a ƙasan takalmi ba alkawari ba ce. Abin dogaro shi ne tsawon ƙafarka da faɗinta a santimita.

Me ya sa lamba 42 ba ɗaya ba ce ko'ina?

A kasuwanninmu, daga Babbar Kasuwar Yamai zuwa Kasuwar Dole ta Damagaram, da Maradi da Tawa, takalma na shigowa daga wurare dabam-dabam. Akwai na Sin, akwai na Turkiyya, akwai ɗinkin Aba da na Kano daga Najeriya, ga kuma na gwanjo, wato bosho, da aka riga aka sa a Turai ko Amurka. Kowane yanki da irin lissafinsa.

Lambar da muka saba da ita, irin su 40, 41, 42, lissafin Faransa ne, kuma da shi yawancin ƙasashen Turai da Turkiyya ke aiki. A wannan lissafi, tsakanin lamba da lamba akwai kashi biyu cikin uku na santimita, wato milimita 6 da ƴan kai. Lamba uku ke nan ke ba da santimita 2. Abin lura a nan, lambar ba tsawon ƙafarka take nunawa ba. Tana nuna tsawon ƙafar katako ko ta roba da aka ɗinka takalmin a kanta, kuma kowane kamfani da siffar tasa.

Ingila tana lissafi da kashi ɗaya cikin uku na inci, kusan milimita 8 da rabi. Shi ya sa za ka ga an rubuta 7, 8 ko 9. Amurka ma da wannan tazarar take aiki, amma lambarta ta maza ta ɗara ta Ingila da rabi ko da ɗaya. Mai sa 8 na Ingila zai nemi 8 da rabi ko 9 na Amurka.

Ƙasar Sin tana rubuta tsawon ƙafa a milimita, kamar 250, 260 ko 270. Amma akwai tsohon lissafinsu da har yanzu ake bugawa a takalma da yawa: a ninka santimita sau 2, a cire 10. Ƙafa mai santimita 26 sai ta ba da 42. A lissafin Faransa kuwa, wannan ƙafar 41 ce. Wannan na cikin dalilan da suka sa mutum ke cewa "ni 42 nake sawa", ya ɗauki 42 na Sin, ya ji ya matse shi.

Yadda ake auna ƙafa a gida

Ba ka buƙatar komai sai takarda fara, biro, da abin awon tela ko rular ƴan makaranta.

Ka yi awon da yamma, bayan la'asar. Ƙafa tana ɗan kumbura bayan an wuni ana tafiya da tsayuwa, balle a watannin zafi na Afrilu da Mayu. Wanda ya auna da sassafe zai samu lambar da za ta matse shi da rana.

Ka sa safar da za ka riƙa sawa da takalmin. Ka shimfiɗa takardar a kan siminti ko wani wuri mai daidai, ba kan yashi ko tabarma ba. Ka jingina gefen takardar da bango, ka tsaya a kai, diddigenka na taɓa bangon. A tsaye za a yi awon, nauyinka na kan ƙafar, domin ƙafa tana buɗewa in an taka ta. Wani ya sa alama da biro a ƙarshen yatsan da ya fi tsawo. A kula, ba kowa ne babban yatsansa ya fi tsawo ba, wasu na kusa da shi ne. Daga nan a auna daga gefen takarda zuwa alamar.

A yi wa ƙafa biyun duka. Yawancin mutane ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya, kuma da babbar ake sayen takalmi. Sannan a zagaya abin awon tela a wurin da ƙafar ta fi faɗi, wato gindin yatsu, a rubuta wannan ma.

Don samun lambar Faransa, ka ƙara santimita 1 da rabi a kan tsawon ƙafarka, sannan ka ninka da 1 da rabi. Misali, ƙafa mai santimita 26 da rabi: in an ƙara ta zama 28, in an ninka ta ba da 42.

Jerin lambobi don kwatance

Wannan jerin na kusa-kusa ne, kamfani na iya bambanta da rabin lamba:

- Ƙafa santimita 25: Faransa 40, Ingila 6 da rabi, Amurka 7, Sin 250.
- Ƙafa santimita 26: Faransa 41, Ingila 7 da rabi, Amurka 8, Sin 260.
- Ƙafa santimita 26 da rabi: Faransa 42, Ingila 8, Amurka 9, Sin 265.
- Ƙafa santimita 27: Faransa 43, Ingila 9, Amurka 9 da rabi, Sin 270.
- Ƙafa santimita 28: Faransa 44, Ingila 9 da rabi, Amurka 10 da rabi, Sin 280.
- Ƙafa santimita 28 da rabi: Faransa 45, Ingila 10 da rabi, Amurka 11 da rabi, Sin 285.

In ka ɗaga harshen takalmi ko ka leƙa cikinsa, sau da yawa za ka ga an rubuta EU, UK, US, wani lokaci da CM. EU shi ne lissafin Faransa, UK na Ingila, US na Amurka, CM kuma santimita. In akwai CM, da shi za ka fara kwatantawa.

Faɗi, abin da aka fi mantawa

Nan ne yawancinmu ke shan wahala. Mutumin da ya tashi yana tafiya gona da kasuwa da silifa, ko takalmin fata buɗaɗɗe, ko ma ba takalmi, yatsunsa a baje suke, gaban ƙafarsa na da faɗi. Shi kuwa sau ciki na zamani, musamman mai tsinin baki, an yi shi ne don siririyar ƙafa. Sai mutum ya ji matsi a gefe, ya ce a ba shi lamba ta gaba. Tsawo ya ƙaru, faɗi bai ƙaru sosai ba, ga diddige na fita in ana tafiya.

Maganin wannan shi ne a canza siffar takalmi, ba lamba ba. Ka nemi mai zagayayyen baki ko mai faɗin baki. A takalman Amurka, harafin D na nufin matsakaicin faɗi na maza, E da EE kuma masu faɗi ne. A na Ingila, F shi ne matsakaici, G ya fi faɗi. Masu sayen gwanjo su riƙa duba waɗannan haruffa kusa da lambar.

Haka kuma mai tudun ƙafa, wanda saman ƙafarsa ya taso, ya fi dacewa da mai igiya, irin wanda bakin igiyarsa ke buɗewa sosai. Wanda ba shi da igiya ba ya yafiya: in ya yi yawa ba yadda za ka ɗaure shi, in ya matse ba yadda za ka sassauta.

In kana gaban mai kaya

Gani ya kori ji. Kar kunya ko gaggawar mai shago ta hana ka gwadawa yadda ya kamata.

Ka sa ƙafa biyun, ka ɗaure igiya, ka miƙe tsaye. Ka danna bakin takalmin da yatsan hannu: ya kamata a samu fili kamar santimita 1 zuwa 1 da rabi tsakanin dogon yatsanka da ƙarshen takalmi. Ga mai tsinin baki, filin zai fi haka, domin tsinin ado ne kawai, yatsa ba ya zama a ciki.

Ka duba ko wurin da ƙafarka ta fi faɗi ya zauna daidai inda takalmin ya fi faɗi, wato inda yake lanƙwashewa in ka taka. In waɗannan biyun ba su haɗu ba, takalmin ba naka ba ne, ko da lambar ta yi daidai. Ka motsa yatsunka ka ji ko suna da sararin motsi. Ka yi taku goma ko ashirin. Diddige na iya ɗan motsawa kaɗan a sabon takalmi, amma bai kamata ya riƙa fita ba. Ka ji kuma ko bakin takalmin na cizon idon sawu.

Akwai maganar da kowa ya sha ji a kasuwa: "Sa shi kawai Alhaji, zai buɗe." Gaskiyar ita ce fata ta ainihi tana ɗan buɗewa a faɗi bayan kwanaki, amma ba ta ƙara tsawo. In yatsanka na tokarar gaba yau, haka zai tokara bayan shekara. Fatar roba kuwa, wadda mafi yawan takalma masu araha ke da ita, kusan ba ta buɗewa, sai dai ta tsage. Don gane bambanci, ka duba gefen da aka yanka: fata ta ainihi tana da gashi-gashi a bayanta da ƙanshinta na jima, ta roba kuma za ka ga yadi ko soso manne a baya.

Sabo mai araha, gwanjo, ko ɗinkin gida?

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma mai lura na iya samun na kirki da kuɗi kaɗan. A ce ka sayi na jika biyar ya matse ka, ka ajiye, ka koma ka sayi wani na jika biyar. Ka kashe jika goma ke nan a kan takalmi ɗaya, alhali na jika takwas da ya zauna maka daidai ya fi sauƙi.

Gwanjo na iya zama fata mai kyau a farashi mai rangwame, sai dai ƙafar wani ta riga ta ba shi siffa, don haka lambarsa ba abin dogaro ba ce sam. Ka haɗa ƙafa biyun tafi da tafi ka tabbatar tsawonsu ɗaya, domin a cikin dila akan haɗa waɗanda ba ƴan uwan juna ba. Ka duba dunduniyar: in ta cinye sosai ta gefe ɗaya, za ta karkatar da takunka, sai in za a canza ta. Ka lanƙwasa tafin ka gani. Wani irin tafin roba mai laushi in ya daɗe a ajiye yakan ruɓe, ya riƙa marmashewa kamar busasshen burodi bayan kwana biyu. In ka saya, ka goge cikinsa, ka bar shi ya sha iska ya bushe sarai kafin ka sa, saboda ƙaiƙayin tsakanin yatsu.

Ga wanda ƙafarsa ke da faɗi ƙwarai, ko lambarsa ta kai 45 zuwa sama, ya gwada dukawanmu da masu ɗinkin takalmi na gari. Su za su zana ƙafarka a takarda su ɗinka daidai da ita. Ko da na kanti ka saya, in an manna tafin da gam ne kawai, ka kai wa mai gyara ya bi shi da zare tun yana sabo, don zafin ƙasarmu na sa gam ya saki.

In takalmi ya ɗan yi yawa da kamar rabin lamba, ana iya sa masa shimfiɗa a ciki ko a sa safa mai kauri. In ya ɗan matse a gefe kuma fata ce ta ainihi, mai gyara na iya sa masa katako ya kwana. Wanda ya gaza a tsawo ba shi da magani, a mayar ko a ba wani. Saboda haka kafin ka biya, ku yi magana da mai kaya a gaban shaida cewa in bai yi ba za ka dawo a canza, kuma ka fara gwada shi cikin ɗaki don kar tafin ya yi datti.

Ga ƴan uwa da ke waje

Sayen takalmi ga wanda ba ya kusa kamar sayen kifi a ruwa ne, amma ana iya rage hasara. Kar ku tsaya ga tambayar "lamba nawa kake sawa?" Ku ce a auna ƙafa biyun kamar yadda muka bayyana, a ɗauki hoton takardar da abin awon a kai, a turo ta WhatsApp. Ku nemi kuma hoton lambar da ke cikin wani sau ciki da mutumin ke jin daɗinsa. Kar a kwatanta da takalmin ƙwallo ko na motsa jiki, domin sau da yawa lambarsu ba ta zuwa ɗaya da ta sau ciki.

In kuna shakka tsakanin lamba biyu, ku ɗauki babbar, ku zaɓi mai igiya da faɗin baki. Dattijo kuma a sake auna shi ko da an san lambarsa tun da, saboda ƙafa na ƙara baje wa da shekaru da ƙiba.

Gargaɗi kan lafiya

Matsattsen takalmi na kawo bororo, kanta, da farcen da ke shiga nama. Ga mai lafiya wannan ciwon kwana kaɗan ne. Ga mai ciwon suga kuwa babbar magana ce, domin ciwon na iya kashe jin ƙafa, takalmi ya ji masa rauni bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa har ya zama gyambo. Duk mai wannan lalura kar ya sa sabon takalmi ya wuni da shi a ranar farko. Ya sa na awa ɗaya ko biyu, ya cire, ya duba ƙafarsa ko a duba masa. Ya riƙa zazzage takalmin kafin ya sa, ko don tsakuwa da kunama. In ya ga ja, kumburi ko rauni, ya nufi likita ba tare da jira ba.

Ango ma muna ba shi shawara kar ya bari sai ranar ɗaurin aure zai fara sa takalminsa. Ya riƙa sa shi kaɗan-kaɗan a gida mako ɗaya kafin ranar.

Ku rubuta awon ƙafarku a takarda ku ajiye cikin walat ko a waya, ku sake aunawa bayan shekara biyu ko uku. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa na kusa da shi da bai iya boko ba. Allah ya sa albarka a abin da aka saya, ya ba mu lafiyar takawa.