Dajin Fatika da Rairayin Hamada: Yadda Aka Samu Littafin Shaihu Umar

Wanda ya taso daga Funtuwa zai shiga Zariya, in ya kai Giwa ya zo ƙasar da Fatika take. Maƙarfi kuwa tana can wajen hanyar Kano. Garuruwan nan biyu maƙwabtanmu ne, muna cin kasuwa tare, muna auratayya. Amma yawancinmu da muka karanta Shaihu Umar a makaranta ba mu lura cewa a bakin ƙofarmu rabin labarin ya auku ba. Hankalinmu ya tafi ga raƙuma da Larabawa da guguwar hamada, muka manta cewa tun a dajin ƙasar nan aka fara raba yaron da uwarsa.

Asalin littafin gasa ce. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Abin bai zo wa malamai da sauƙi ba, domin a wurinsu alƙalami na ilimi ne, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce, da dare ake yin ta. Duk da haka aka samu littattafai biyar da aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, sai Shaihu Umar. Imam da Bello a Katsina suke koyarwa a lokacin. Shi ma marubucin Shaihu Umar, Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Kwalejin Katsina ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933, yana gamawa ya koma Bauci koyarwa. An haife shi a 1912, ke nan da 'yan shekaru ashirin da ɗoriya ya rubuta littafin da ya fi duk sauran nauyi a zuciya.

Ya kamata a tuna wane zamani ne wannan. Dokar Gwamna Lugga ta ce duk ɗan da aka haifa bayan watan Maris na 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Wato lokacin da littafin ya fito akwai bayi a raye, akwai waɗanda suka kamo su, akwai waɗanda suka saye su, kowa kuma ya san kowa. A nan kudancin Katsina dattawa na ba da labarin hare-haren Maraɗawa na zamanin sarkinsu Ɗan Baskore, lokacin da manomi ba ya yin nisa da ganuwa. Sai bayan zuwan Turawa a 1903 mutane suka fantsama suna saran daji, jirgin ƙasa ya iso Funtuwa, auduga ta buɗe, ƙauyuka suka tsiro a inda da kura ce kaɗai ke kwana. Saurayin malami ya ɗauki alƙalami ne daidai kan wannan gaɓa, tsohon tsoro bai gama fita daga jikin mutane ba.

Tsarin labarin kansa dabara ce. Shaihu Umar tsohon malami ne a Rauta, kusa da Bauci. Wani almajiri ya tambaye shi asalinsa, shi kuma ya buɗe baki. Tun daga shafin farko mun san ya tsira, ga shi zaune cikin girma, don haka ba a bar mu da zullumin ko zai mutu ba. Abin da ya rage shi ne ta yaya, kuma a hannun wa. Yana ba da labarin abubuwan da bai gani da idonsa ba: yadda fadawa suka ƙulla wa Makau, mijin uwarsa, sharri bayan an dawo daga hari har sarki ya kore shi daga Kagara, da yadda uwar ta yi ta bin sawu. Muryarsa ba ta tashi, ba ta rawa. Yana faɗin an sace shi kamar mai karanta babin alwala. Da ina yaro na ɗauka rauni ne na marubucin. Yanzu na san haka waɗanda suka ga bala'i da gaske suke magana.

Idan aka ajiye shi kusa da Robinson Crusoe, wanda Daniel Defoe ya fitar a Ingila a 1719, bambancin yana fitowa fili. Crusoe shi kaɗai ne a tsibiri, yana sara, yana shuka, yana ƙirga kwanaki, ya mallaki dajin da ƙarfin hannunsa da dabararsa. A Shaihu Umar babu wanda ya tsira da dabararsa. Makau ya shiga daji korarre, maharbi ya tsince shi ya nuna masa hanya, har ya samu wurin zama a Maƙarfi ya kama noma. Umar yana ƙarami, uwarsa ta tafi ganin gida a Fatika, ɓarawo ya ɗauke shi, kura ta kashe ɓarawon ta bar yaron, waɗansu bayin Allah suka riƙe shi. Mahara suka sake kwashe su, aka kai shi Kano, wani Balarabe fatake mai suna Abdulkarim ya tafi da shi Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu. A kowane mataki hannun wani ne ke miƙa shi ga hannun wani.

Kurar nan ta daɗe tana ba ni tunani. A tatsuniyoyinmu ita ce makwaɗaiciya, abar tsoro, abar dariya. A nan kuwa ita ce ta yanke hukuncin da babu alƙalin da zai yanke. Duk littafin haka yake: namun daji ba su cuci kowa ba sai azzalumi, mutane ne abin gudu. Fadawa, mahara, dillalan bayi, da mayaudarin da ya yi wa uwar alkawarin kai ta wurin ɗanta ya ɓuge da bautar da ita. Hamada ce kaɗai ta yi kisa ba zaɓe, a kan hanyar dawowa, da guguwar rairayi ta binne ayarin ta bar Umar shi kaɗai. A nan marubucin ya tsaya kan ƙaddara, bai nemi wani bayani ba.

Akwai abin da ba na iya yafe wa littafin, kuma saboda shi nake ƙara komawa gare shi. Bauta ta mai da Umar shaihi, ita kuma ta cinye uwarsa. Matar nan ta bar gida da ƙafarta, aka ja ta har Murzuk da Tarabulus, ta ƙi ci ta ƙi sha saboda begen ɗanta, ta gan shi, ba ta jima ba ta rasu. Ita ce ta yi tafiyar da ta fi tsanani, amma ba ita aka ba bakin ba da labari ba. Ɓalewa bai tsine wa cinikin bayi a fili ba. Ya ajiye rabon ɗan da na uwar gefe da gefe, ya bar mai karatu da su.

Littafin ya yi tsawon rai fiye da mai shi. An kashe Ɓalewa yana Firayim Minista a Janairun 1966. A 1967 Mervyn Hiskett ya fitar da fassarar Turanci. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Fim ɗin ya ɓace wa jama'a shekaru da yawa, sai da aka gyara shi aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Mu da muka karanta shi muna ɗalibai, labarin da can muka ɗauke shi. Sai ga daren 11 ga Disamba 2020, aka kwashi yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka kora su daji a ƙafa. Kwana shida iyaye mata suna zarya a ƙofar makaranta kafin a sako su. A Faskari da Sabuwa da Ɗandume akwai gonakin da kakanni suka sare bayan 1903, yau ciyawa ta rufe su, masu su sun koma noman bayan gari.