Sawun Kafinta a Jikin Tsohon Bodi

A bayan gidanmu da ke Bilbis, ta ƙasar Tsafe, akwai wani tsohon bodin mota na katako da aka ɗora bisa duwatsu huɗu. Tun da na yi wayo nake ganinsa a nan, ba taya, ba inji. Kakata tana zuba harawa a ciki, kaji suna kwana a ƙarƙashinsa. Ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai sai ranar da wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya taya shi, da nufin ya ciccire notuna da ƙarafan, katakon kuma a yi makamashi. Na roƙi kawuna ya dakata. Ya ce, "Ɗan nan, na ba ka hutun makarantarka. In ka samo dalilin barinsa, a bar shi."

Shi kansa bodin na fara tambaya. A jikin katakon gaba an rubuta kuɗin mota zuwa Gusau da fenti, a lissafin sule, ga shi kuwa naira da kwabo sun maye gurbin fam da sule a Janairun 1973. Tsanin da karen mota ke hawa yana gefen hagu, wato gefen da ke bakin titi a zamanin da ake tuƙi ta hannun hagu, kafin Nijeriya ta koma hannun dama a ranar 2 ga Afrilun 1972. Sai shaida ta uku, wadda ta fi ɗaukar hankalina: wani tambari da aka ƙona da ƙarfe a ƙasan ƙofar baya, jinjirin wata da zane uku.

Ba za a fahimci wannan sana'a ba sai an koma ga jirgin ƙasa. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai Gusau ta zama matattarar gyaɗa da auduga. Amma dogo ba ya shiga ƙauye. Jakuna da raƙuma ne suka fara kai kaya tasha, daga baya manyan motoci irin su Bedford da Austin daga Ingila suka karɓe su. Yawancinsu suna isowa ne tsirara, inji da ƙashin ƙarfe kawai, sai mai mota ya nemi kafinta ya yi mata jiki. Bahaushe yana da masassaƙa tun kaka da kakanni, amma aikinsu fafe itace guda ne da gizago a fitar da turmi ko akushi. Haɗa katako da katako, da awo da zarto da noti, baƙon ilimi ne, kuma 'yan Kudu mazauna Sabon Gari ne suka fi riƙe shi da farko.

A tashar motar Tsafe na samu wani tsohon direba da idonsa ya soma raunana. Na zana masa tambarin a tafin hannunsa da yatsa, ya yi shiru, sannan ya ce na wani Inyamuri ne da ke da rumfa kusa da tashar jirgin Gusau, wanda bodinsa ba ya kuka ko an yi masa lodi har sama. Ya tuna kakana sarai, ya ce bayan yaƙin basasa ya sayi motar. Na je Gusau na tarar da wurin ya zama shagon walda. Mai shagon bai san komai ba, sai maƙwabcinsa, wani dattijo mai sayar da goro, ya ce in tafi Bunguɗu in nemi 'yar kafintan.

Na same ta tana gyaran wake a tsakar gida. Da na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙarfe mai dogon mariƙi, baƙi ƙirin, a bakinsa ga jinjirin wata da zane uku. Ta ce, "Jikana, zane biyu ne da can." Mahaifinta ɗan masassaƙa ne da ya je Gusau cin rani, ya zama yaron wancan kafinta. Da rikicin 1966 ya tashi, maigidan ya kwashe iyalinsa ya shiga jirgi, ya bar masa rumfa da kayan aiki amana, bai kuma dawo ba. Shi kuwa bai yarda ya jefar da tambarin maigidansa ba, sai ya kai wa maƙeri ya ƙara zane ɗaya.

A ganina direban bai yi ƙarya ba, rabin labarin kawai ya riƙe. Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, tuƙi ya sauya a 1972, zanen kuma uku ne. Ke nan hannun mutumin Bunguɗu ne ya yi bodinmu a tsakanin waɗannan shekaru, da awon da ya koya daga wanda ya tafi.

Rumfar ba ta daɗe ba bayan haka. Farin 1973 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 sun rage lodi, katako mai kyau ya yi tsada, masu walda kuma suka fara ƙera bodin ƙarfe cikin 'yan kwanaki. Kafintan ya ƙarasa rayuwarsa yana yin ƙofofi da bencin makaranta.

Na so in ƙara tambayar tsofaffin Bilbis, amma da yawansu sun yi ƙaura zuwa Tsafe da Gusau saboda 'yan bindiga, wasu kuma ƙasa ta rufe musu ido. Da na kwashe labarin na faɗa wa kawuna, ya tashi ya je ya tsuguna ya daɗe yana shafa zanen nan uku. Washegari ya aike ni wurin bakanike na samo baƙin mai galan guda, muka shafe katakon saboda gara, muka sauya dutsen kusurwar gabas da ya nutse.