Daga Jakar Magori Zuwa Kwalin Ƙasar Sin

Neman maganin haihuwa a ƙasar Gobir ya girmi garin Sabon Birni. Tun zamanin Alkalawa, wadda ta faɗi a 1808, matar da haihuwa ta yi wa jinkiri takan nufi 'yan bori da ke ƙarƙashin Inna, ko malami mai rubutun sha, ko magori da jakarsa ta sassaƙe da saiwoyi. A yau, daga Isa zuwa bakin iyaka, kwali mai rubutun Sinanci ya shiga sahu.

Itatuwan Sin ba abin rainawa ba ne. Daga wani nau'in tazargade Tu Youyou ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro, har ta samu lambar Nobel a 2015. Sai dai an tace shi, an auna, an gwada. A Beljiyam kuwa, farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 sun kamu da ciwon ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka yi kuskuren saka saiwar Aristolochia a cikinsa.

Saboda haka, idan 'yar'uwarku tana shan irin wannan, kada ku yi mata gori. Ku kai kwalin ga mai harhaɗa magunguna ya duba. Lambar NAFDAC ba shaida ba ce cewa zai kawo ciki, kuma babu ganyen da ke buɗe toshewar bututun mahaifa. In shekara ta cika ba labari, ko wata 6 ga wadda ta haura 35, su je asibiti tare da mijinta, domin shi ma a gwada shi. Haihuwa ta Allah ce, amma shekarunta ba sa jira.